Ciwon Kar-A-Yi-Ba-Ni

Duk wanda ya taɓa zama a layin baya a ɗakin lakca ya san mu. Mu ne masu buɗe littafi a kan benci alhali waya tana ƙarƙashinsa, ido ɗaya a allo, ɗaya a WhatsApp. Wannan tana tallar atamfa da mayafai na Kantin Kwari, wancan data yake sayarwa, wani kuma yana haɗa mai saye da mai sayar da waya a Farm Centre ta Kano, ya karɓi la'adarsa ba tare da ya taɓa riƙe wayar ba. Ba mu biyan hayar shago. Shagon yana aljihu, duk inda muka sa ƙafa yana biye da mu, har banɗaki.

Ni kayana ba su da ƙyalli. Riɗi ne da zoɓo, sai raguna in Babbar Sallah ta ƙarato. Ɗan Sule Tankarkar ne ni, kuma duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san abin da rairayinmu yake bayarwa: gero, wake, riɗi, zoɓo. Riɗinmu har ƙasashen Asiya ake kai shi, zoɓon da muke raina wa kuma Meziko ce babbar kasuwarsa. Na fara wannan harka a 2022, ina zaman jiran samun gurbin karatu. Yadda take kuwa ba wuya: mutum yana Dawanau ko Abuja ko Legas, yana son kaya amma ba zai iya zuwa ba. Sai in je, in ɗauki bidiyo, in damƙi riɗin a hannu ya ga tsabtarsa, in buɗe bakin rago ya ga haƙora, mu daidaita, ya turo kuɗi, in ɗora a mota, in cire nawa. Da wannan nake biyan kuɗin makaranta, da shi nake ci, da shi nake tura wa Inna ɗan abin cefane. Saboda haka in kun gan ni ina leƙen waya ana tsakar lakca, ba hira nake da budurwa ba.

Wahalar hanya ba ita na zo faɗa ba. Kowa ya san yadda ake matse mutum huɗu a kujerar uku daga Gujungu zuwa Gumel, kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi. Abin da nake son mu tattauna wani ciwo ne da ba a ganinsa a fuska, kuma na tabbata rabin masu karanta wannan mujallar suna ɗauke da shi ko da ba su taɓa sayar da allura ba. Ni na raɗa masa suna ciwon kar-a-yi-ba-ni.

Ga yadda yake kama ni. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci, kasuwar da ake kawo shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar har da Chadi, ’yan kudu kuma su zo da tireloli su ɗiba. In ina aji ranar, hankalina yana can. Ƙarfe goma an fara turo bidiyo a guruf, wane ya kama raguna a araha, wane ya cika mota. Malam yana bayani a kan lissafin riba da faɗuwa, ni kuma ina lissafin ribar da ta wuce ni. To, sai a ce in na je kasuwar zan huta. Ina! Ina tsaye a kara, ƙura ta rufe ni, ina ihu a waya saboda ba a jin juna, sai in ga sitatus ɗin ’yan ajinmu: an yi tes na bazata, ko ana wasan ƙwallo tsakanin sassa, ko an fito kamfen ɗin zaɓen ƙungiyar ɗalibai ana ta shewa. In na kwana a Kano wajen lodi, sai ga hoton ɗaurin auren abokin da muka yi makarantar allo tare, kowa da farar shadda, ni kaɗai ne babu. Wuri uku nake rayuwa, kuma duk inda nake, sauran biyun ne suka fi daɗi.

Ashe ciwon yana da suna a wajen Turawa, FOMO suke ce masa, wato tsoron kada wani abu ya wuce ka. Abin da ya ba ni dariya da na bi asalinsa shi ne, a jaridar ɗalibai irin tamu sunan ya fara yaɗuwa. Wani ɗalibi mai suna Patrick McGinnis ne ya rubuta shi a 2004 a jaridar ɗaliban makarantar koyon kasuwanci ta Harvard da ke Amurka, yana tsokanar yadda abokansa suke rarraba kansu tsakanin liyafa da taro don kada a yi ba su. Su nasu na ƙoshi ne. Namu da yunwa a ciki, shi ya sa ya fi cizo. Wanda ya rasa liyafa ya rasa nishaɗi. Wanda ciniki ya wuce shi, wataƙila kuɗin rajistar zango ne ya wuce.

Kun tuna 2024? Kun tuna yadda hostel ya koma kamar masaƙa, kowa yana dangwalar fuskar waya dare da rana saboda Hamster Kombat? Akwai wanda yake tashi da asuba ba don sallah kaɗai ba, sai don kada lambar sirrin ranar ta wuce shi. An yi lissafin mota, an yi lissafin lefe. Ni ban shiga ba, ba don na fi kowa wayo ba, cajin wayata ne ba zai ɗauki kwastomomi da dangwale a lokaci guda ba. Amma wallahi duk daren da na ji abokin ɗakina yana faɗin miliyoyin da ya tara, sai cikina ya juya. Da ranar 26 ga Satumba ta zo aka fashe, mutane da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Watanni kaɗan bayan nan, a Afrilun 2025, CBEX ta rufe da kuɗin jama’a. A ganina yawancin waɗanda suka zuba kuɗinsu ba wai sun gamsu da bayanin ba ne. Sun dai ga na kusa da su ya nuna alat, suka kasa jure tunanin a wayi gari kowa ya haye a bar su a gaɓa.

Irin wannan ƙaiƙayin yana cikin harkar hatsi ma, sai dai ya fi sa rigar mutunci. Lokacin da dala ta yi ta hawa a farkon 2024, duk abin da ake fitarwa waje ya bi ta, kayan abinci ma suka tashi. Sai kowa ya zama ɗan kasuwa. Malamin makaranta, tela, mai cajin waya, kowa yana neman ɗakin da zai jibge buhuna. Da farashin hatsi ya faɗo a 2025, waɗanda suka saya da tsada suka ɓoye sun ji a jikinsu. Amma ko mutum ɗaya ban gani ya ɗora wannan a sitatus ba. Ranar riba ake ɗaukar hoto. Ranar faɗuwa sai dai ka ga an rubuta addu’a.

Wanda ya fara sassauta mini wannan ɗaurin Kawuna ne, yayan Inna. Ya yi shekaru yana rakiyar shanu zuwa kudu tun kafin wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Wata Juma’a na same shi a ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci, na zauna gefen tabarma, amma duk minti biyu sai na zaro waya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Kai ɗan nan, wa ke binka bashi?”

Na ce, “Babu kowa, Kawu. Farashi nake dubawa.”

Ya ce, “Yau wace kasuwa ce take ci a cikin tabarmar nan?”

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce a zamaninsu in suka hau tirela, kwana da kwanaki suke yi ba su san abin da ake ciki a gida ba. Farashi a bakin direbobi ake jinsa, kafin ya iso ma ya tsufa. An haifi babbar ’yarsa yana Legas, sai da ya dawo ya tarar har an yi suna. Na ce to ba ya jin zafin abin da ya wuce shi? Ya ce yana ji mana, amma sau ɗaya, ranar da ya dawo aka ba shi labari. “Ku kuwa kuna jin naku tun ana cikin yi. Ku ba ku je ba, ku ba ku huta ba.”

Wannan maganar ta zauna mini. Don in aka duba, rashin zama wuri ɗaya ba sabon abu ba ne a wajen Bahaushe. Fatakenmu na da sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, madugu a gaba. Sun rasa bukukuwa, sun rasa Sallah a gida, kasuwanni dubu sun ci a bayansu. Bambancinsu da mu shi ne ba a tura musu hoton abin da suke rasawa. Kuma akwai wata dabara da suka bar mana wadda ban lura da ita ba sai da Kawu ya nuna mini: kasuwannin ƙasarmu ba sa ci rana ɗaya. Gujungu Lahadi, Maigatari Alhamis, kowace da ranarta, mako ya zagayo ta dawo. An tsara su ne a kan cewa mutum jiki ɗaya gare shi. Waya ce ta zo ta tara su duka a tafin hannu, ta sa ka ji kamar kullum ranar kasuwa ce kuma kullum ka makara.

Kada in yi muku ƙarya, akwai lokacin da kasuwa ba ta dawowa yadda aka bar ta. Mu na bakin iyaka mun sani. An rufe iyakoki a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A Mayun 2025 kuma, ana saura makonni Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Na riga na karɓi odar raguna, sai ga kara ta yi fayau, na gida kaɗai ake juyawa, kuɗinsu kuma ya yi sama. Amma ku lura da wani abu. Duk cikin waɗannan babu wanda kwana a kan waya zai hana. Wanda ya duba guruf sau ɗari a rana da wanda ya duba sau biyu, tare hukuncin ya faɗo musu. Abin da ya fitar da ni a wannan Sallar ba saurin ganin saƙo ba ne. Wasu masu kiwo ne a ƙauyukan Gagarawa da na saba saye a hannunsu ina biya a kan lokaci, suka riƙe mini nasu da na kira.

Akwai kuma abin da ba ya dawowa ko kaɗan, shi ne ya fi mini wuyar rubutawa. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Hajiya, ita ta yaye ni. A ɗakinta na koyi tankaɗe riɗi, ita ta nuna mini yadda ake gane wanda aka gauraya da yashi ta hanyar sauraren ƙararsa a faifai. Ta rasu da sanyin safiya a lokacin hunturu, ina Dawanau muna auna zoɓo. Kiran ya same ni nan take, na bar komai na nufi tasha. Sai da mota ta cika, sai da aka tsaya shan mai, sai da aka sauke wasu a hanya. Kafin in isa Sule Tankarkar an dawo daga maƙabarta. Babu wanda ya yi laifi, haka addini ya ce a gaggauta, haka kuma hanya take. Na shiga ɗakinta na tarar da carbinta a kan buzu, ƙwaryar furarta a kife.

A kwana ukun zaman makoki na yi ta juya abu ɗaya a raina. Shekara biyu wayar nan tana nuna mini abubuwan da wai suna wuce ni, tana hana ni barci a kansu, kuma kusan duka sun sake zagayowa. An sake yin ƙwallo, an sake yin zaɓe, riɗi ya hau ya sauka ya sake hawa. Abu ɗaya da ya wuce da gaske, wayar ta sanar da ni cikin daƙiƙa amma ba ta iya kai ni ba. Ba cewa nake da ina aji ko ina gida da lissafin ya canza ba, rai na Allah ne. Abin da na ɗauka daga nan shi ne in rarrabe abubuwa gida biyu, masu dawowa da marasa dawowa, in daina ba su matsayi ɗaya a ƙirjina.

Daga nan na sake tsarin aikina. Babban abin da na yi shi ne na ɗauki ɗan Kawu a matsayin wakili a Maigatari. Shi yake shiga kara, shi yake ɗaukar bidiyo, ni ina nan ina magana da masu saye tsakanin lakca da lakca, mu raba la’ada biyu. Raba la’ada yana da ciwo, ba zan ɓoye ba. A makonnin farko in na tura masa rabinsa sai in ji kamar an yanke mini yatsa. Amma wannan ma ba mu muka ƙirƙiro ba, haka kasuwancin Hausa yake tun fil azal: akwai maigida, akwai dillali, akwai yaron kasuwa, kowa yana tsaye a inda ɗayan ba zai iya tsayawa ba. Mu ’yan waya ne muka ɗauka za mu iya zama duka ukun.

Na kuma sayi ƙaramar waya mai tocila. Lambarta tana hannun Inna, da Kawu, da wakilina, da manyan kwastomomi uku. In na shiga aji ko na zauna karatun dare, babbar tana cikin jaka a kashe. In abu ya kai a kira ni, za a same ni. In bai kai ba, zai jira. Na fita daga guruf sama da goma na “farashi kai tsaye”, na bar biyu da na san masu magana a cikinsu sun taɓa ɗaga buhu.

Sai wani ɗan littafi da nake ajiyewa, wanda abokin ɗakina yake kira littafin hassada. Duk cinikin da na ji ya wuce ni har raina ya ɓaci, sai in rubuta shi da kwanan wata, in dawo bayan mako biyu in bincika yadda ya ƙare. Wasu da gaske an ci riba, babu musu, kuma in na gani sai na ce Allah ya sa albarka ina haɗiye yawu. Amma da yawa in ka bi sawu sai ka tarar kaya sun kwana a hanya, ko an rage nauyi a sikeli, ko mai saye ya riƙe ragowar kuɗi har yau. Littafin bai sa na daina jin ƙaiƙayin ba. Ya dai koya mini jinkirta yarda da shi.

Duk wannan da kuɗinsa. Akwai wani Alhaji a Abuja da na yi shekara ina saya masa kaya. Ya turo saƙo ƙarfe ɗayan dare ana gobe ina da jarrabawa, ban gani ba sai da na fito da rana. Kafin nan ya samu wani yaro mai amsawa kowane lokaci, ya koma wajensa. Na ji zafi sosai, don la’adarsa kaɗai takan biya mini kuɗin hostel. Wasu abokan sana’a sun ce na cika sanyi, wai kasuwar intanet ba ta san barci ba. Wataƙila gaskiyarsu ne ta fuskar aljihu. Amma na ga yaron a Gumel kwanan baya, idonsa ja wur, waya uku a hannu, muna gaisawa yana amsa wani kiran, har muka rabu bai san da wa ya gaisa ba.

’Yan uwana mata masu wannan sana’a nasu ya ninka namu, kuma ya kamata wata a cikinsu ta rubuta nata a fitowa ta gaba. Wata ’yar ajinmu mai sayar da mayafai ta ce mini ita ba ta da damar tashi ta tafi Kwari duk sanda sabon yayi ya fito, sai ta jira an ba ta izini da ɗan rakiya, kafin ta je wasu sun riga sun cika sitatus da shi. Tana kallon kasuwarta tana tafiya daga kan gadon hostel. Ban san abin da zan ce mata ba, na dai ba ta labarin wakili, ta ce za ta gwada da ƙanwar babarta da ke Kano.

Yanzu ga mu a zangon ƙarshe. Ga furojet, ga jarrabawa, ga kuma sabon nau’in ciwon yana leƙowa: wane zai wuce babbar difloma, wane ya samu jami’a, wane an yi masa hanyar aiki, wane zai tafi Saudiyya neman kuɗi. Kowa yana tambayar kowa, “Kai ina ka nufa?” Ni amsata har yanzu ba ta da daɗin faɗa a taro. Zan koma gida in yi kaka guda cikakkiya, daga yankan riɗi har tsinkar zoɓo, in ga abin da sana’ar za ta iya in an ba ta jiki gaba ɗaya, sannan in nemi gurbin ci gaba da karatu da kuɗin da na tara. Inna ta ce ɗakin Hajiya yana nan a rufe, in na so in mayar da shi wurin ajiye buhuna. Ban ba ta amsa ba tukuna.

An liƙa jadawalin jarrabawa shekaranjiya. Takardarmu ta ƙarshe ta faɗo ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, daidai lokacin da kara take cika. Na kira ɗan Kawu na gaya masa ranar nan kada ya neme ni ko a ƙaramar waya, duk abin da ya gani ya yanke hukunci da kansa. Ya ce to in an samu riba mai kauri fa? Na ce rabinsa yana nan yadda aka saba. Farar rigar da za a sa mini hannu kuwa tuni na saye ta a kasuwar Gumel, tana cikin jaka, ko ledarta ban cire ba.